Waya a Hannun Dattijo: Tasirin Kafafen Sada Zumunta ga Himma da Walwalar Tsofaffi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi abin da masana suka gano game da tasirin kafafen sada zumunta ga himma da walwalar mutanen da suka haura shekara 60, sannan ta auna shi da yadda tsufa yake a gidan Bahaushe. Matsayar maƙalar ita ce yawan lokacin da tsoho ke yi a kan waya ba ya nuna ko ta amfane shi ko ta cuce shi. Abin da ke nuna hakan shi ne mutumin da ke ɗaya ɓangaren, da kuma ko wayar ta ƙara wa tsohon matsayinsa na wanda ake buƙata ko ta mai da shi ɗan kallo. Maƙalar ta kuma ja hankali cewa a inda tsofaffi ke zaune cikin iyali, wayar da ke hannun 'ya'ya da jikoki tana taɓa walwalarsu kamar yadda tasu ke yi, wani lokaci ma fiye.

Gabatarwa



Duk sanda aka taɓo maganar kafafen sada zumunta a taro, matasa ake sa wa ido: karatunsu da ya ja baya, barcinsu da ya ragu, tarbiyyarsu da ake kuka da ita. Tsoho kuwa yakan shigo maganar ne a matsayin mai faɗa, wanda ke gefe yana cewa zamani ya lalace. An wuce nan tuni. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta nuna cewa a 2005 kashi 2 cikin 100 ne kacal na Amurkawa masu shekara 65 zuwa sama ke amfani da waɗannan kafafe. Zuwa 2015 sun kai kashi 35, a 2021 kuma kashi 45. A nan gida ma ido shaida ne. Wanda ya je ɗaurin aure a Kano ko Damagaram zai ga dattijo ya zaro waya daga aljihun babbar riga, ya gyara zaman tabarau, yana lalubar saƙon da aka turo a zauren iyali na WhatsApp.

Tsofaffin kuma ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu za su kasance ne a ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi. Dalili ke nan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya.

Abu biyu maƙalar ke aunawa. Na farko himma, wato ƙarfin zuciyar da ke sa mutum ya tashi ya yi wani abu da kansa, ya koyi sabo, ya shiga jama'a. Na biyu walwala, wato natsuwar rai, da gamsuwa da rayuwa, da kuɓuta daga kaɗaici da ciwon damuwa. Hanyar da aka bi ita ce bitar binciken da aka wallafa, tare da gwama shi da abin da ake gani yau da kullum a gidajenmu.

Me ke zaburar da tsoho?

Kafin a tambayi me waya ke yi wa tsoho, ya kamata a san me tsohon yake nema. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta kawo wani ra'i a farkon shekarun 1990 wanda har yau ake dogaro da shi. A ganinta, abin da ke juya burin mutum shi ne yadda yake hangen sauran lokacin da ya rage masa. Wanda ke ganin gaba da nisa yakan nemi sababbin mutane da sabon sani, ko da bai ji daɗinsu a yanzu ba, don za su yi masa rana wata rana. Wanda ke ganin rana ta yi yamma kuwa yakan taƙaita da'irarsa, ya zuba ƙarfinsa kan 'yan mutanen da ke kusa da zuciyarsa.

Ita da abokan aikinta sun gwada wannan ta hanya mai sauƙi. Sukan ce wa mutum yana da ɗan lokaci, ya zaɓi wanda zai zauna da shi cikin mutum uku: ɗan gidansu, ko wani da suka saba kwanan nan, ko marubucin littafin da ya karanta. Tsofaffi suka fi zaɓen ɗan gida, matasa suka rarrabu. Da aka ce wa matasan su ɗauka za su yi ƙaura zuwa nesa su kaɗai, sai su ma suka koma zaɓen ɗan gida. Da aka ce wa tsofaffin su ɗauka likita ya tabbatar musu da ƙarin shekara 20 cikin lafiya, sai fifikon nasu ya sassauta. Ashe ba shekarun ne ke yin aikin ba, hangen lokaci ne.

Wannan ya bayyana wani abu da masu sayar da waya suka daɗe da lura da shi. An gina yawancin kafafen nan ne don faɗaɗa da'ira: a tara mabiya, a ƙara abokai, a ga baƙin fuskoki. Tsoho bai damu da mabiya dubu ba. Yana son ya ji muryar 'yarsa da ke aure a Legas, ya ga jikan da aka haifa a Jidda, ya san ko ƙaninsa ya samu sauƙi. Rufaffen zauren iyali da kiran bidiyo sun dace da wannan buƙata. Buɗaɗɗen shafin da ke zubo hotunan mutanen da bai sani ba bai dace da ita ba.

Ra'i na biyu na Edward Deci da Richard Ryan ne na Jami'ar Rochester, wanda suka shimfiɗa a littafinsu na 1985. Sun ce himmar da ke fitowa daga cikin mutum tana tsayawa ne kan buƙatu uku: ya ji shi ke da iko da abin da yake yi, ya ji ya iya, ya kuma ji yana da alaƙa da wasu. Tsufa yana cin duka ukun. Ritaya takan raba mutum da wurin da ake ganin iyawarsa, ciwo yakan sa a riƙa yanke masa hukunci, mutuwa kuma tana ɗauke sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Waya na iya maido da kowacce daga cikin ukun, tana kuma iya ƙara ƙwace ta, kuma a kan wannan ma'auni ne zan ɗora sauran bayanin.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babu jayayya cewa zumunci magani ne. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka ƙunshi mutum fiye da 300,000, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi sauran yiwuwar tsawon rai da kashi 50 cikin 100. Gwamnatoci sun ɗauki lamarin da gaske: Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa kwamiti na musamman a kai a 2023. Inda ake jayayya shi ne ko zumuncin waya yana yin aikin da zumuncin ƙafa ke yi.

Binciken farko-farko ya ba da ƙwarin gwiwa. Shelia Cotten da abokan aikinta sun bi bayanan 'yan fansho a Amurka na tsawon shekaru, suka wallafa a 2014 cewa amfani da intanet yana rage yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa da kusan kashi 33 cikin 100, kuma amfanin ya fi fitowa ga masu zaman su kaɗai. A 2016 William Chopik ya duba tsofaffi 591, ya ga cewa masu amfani da hanyoyin sadarwar zamani sun fi ba da rahoton lafiya da gamsuwa, kuma raguwar kaɗaici ce ke haɗa abubuwan biyu. Sai dai irin wannan bincike yana da raunin da kowane ɗalibin ƙididdiga ya sani. Tsohon da ya iya sayen babbar waya, idonsa na gani, yatsunsa na aiki, yana da 'ya'yan da ke kiransa, dama can ya fi wanda ba shi da waɗannan walwala. Ana iya cewa waya ce ta kawo walwala, ana kuma iya cewa walwala ce ta kawo waya.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Alan Teo da abokan aikinsa a Oregon, wanda ya fito a 2019. Sun bi tsofaffi 1,424 na shekara biyu, suka rarrabe hanyoyi huɗu: imel, da shafuka irin Facebook, da rubutaccen saƙon nan take, da kiran bidiyo irin na Skype. Masu kiran bidiyo ne kaɗai suka fita daban, domin yiwuwar alamun ciwon damuwa a gare su ta kusa zama rabin ta waɗanda ba sa amfani da ko ɗaya. Sauran ukun ba su nuna bambanci ba. Wannan ya yi daidai da abin da Moira Burke da Robert Kraut suka gani a 2016 a kan masu amfani da Facebook 1,910, ko da yake su ba tsofaffi kaɗai suka duba ba: saƙon da wani na kusa ya zauna ya rubuto maka kai kaɗai yana ƙara walwala, amma danna alamar so ko karanta abin da aka watsa wa kowa ba ya ƙarawa. Idan aka haɗa biyun, ana iya cewa gwargwadon yadda hanya ta kusanto da fuska da murya da kulawar wani takamaiman mutum, gwargwadon amfaninta ke nan.

Da aka koma ga gwaji na gaske, inda ake raba mutane gida biyu a ba wasu a hana wasu, sai murnar ta ragu. Sara Czaja ta jagoranci wani gwaji kan tsofaffi 300 masu zaman kaɗaici a Amurka, aka ba rabinsu kwamfuta mai sauƙaƙan manhaja, aka ba sauran bayanan a rubuce cikin littafi. Bayan wata 6 masu kwamfuta sun fi samun sauƙin kaɗaici, amma bayan wata 12 tazarar ta dushe. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, ƙungiyar Cochrane ta nemi duk gwajin da aka yi kan kiran bidiyo da kaɗaicin tsofaffi, ta samu uku kacal, masu ɗauke da mutum 201, dukansu a gidajen kula da tsofaffi, ta ce hujjar ba ta da ƙarfin da za a dogara da ita. A Jami'ar Arizona kuma Janelle Myhre da abokan aikinta sun koya wa wasu tsofaffi Facebook na mako 8. Abin da ya inganta shi ne wani sashe na ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon bayani yana sabunta shi, wanda ke nuna cewa shi kansa koyon yana da nasa amfanin.

Kullen korona ya zo da darasi mai ɗaci. Yang Hu na Jami'ar Lancaster da Yue Qian ta Jami'ar British Columbia sun duba bayanan masu shekara 60 zuwa sama fiye da 5,000 a Birtaniya da kusan 1,400 a Amurka, kafin annobar da kuma cikinta. Haɗuwa ido da ido ta tafi tare da kyautatuwar lafiyar zuciya. Yawan magana ta waya da intanet kuwa ya tafi ne tare da ƙarin kaɗaici, musamman inda ziyara ta yanke. Akwai hanyoyin fassara wannan fiye da ɗaya, domin mai jin kaɗaici shi ne dama ya fi yawan ɗaukar waya. Amma abin da ba a gani ba shi ne waya ta cike gurbin ziyara.

A gidan Bahaushe

Kusan duk alƙaluman nan daga Amurka da Turai da gabashin Asiya suke, inda tsohon da ake nufi sau da yawa yake zaune shi kaɗai ko a gidan kula da tsofaffi, yana da karatun boko, yana kuma da wuta da intanet dare da rana. Namu tsohon yana cikin gida mai cike da mutane. Wannan ba ya nufin ba ya shiga damuwa. Binciken da Oye Gureje ya jagoranta daga Ibadan kan tsofaffi 2,152 a yankunan Yarabawa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya gano cewa kashi 26 cikin 100 sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma mazauna birni sun fi shiga haɗarin. Ba a ƙasar Hausa aka yi shi ba, amma ya isa ya karya tunanin cewa zaman gandu garkuwa ce da ba ta hujewa.

Ƙofar da tsofaffinmu suka shigo ta cikinta murya ce. Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, amma muddin rubutu ne hanyar shiga shafuka, wanda bai yi boko ba yana waje, haka ma malamin da ya iya ajami kamar ruwa. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai katangar ta faɗi. Kuma ba baƙon abu ya tarar ba. Mutanen da suka saba naɗar kaset su ba alhaji ya kai wa ɗan'uwa a Makka ko Sudan, waɗanda suka yi shekaru suna aika katin zaɓi-sonka gidan rediyo don a gai da dangi suna bayan suna, ba sa buƙatar a koya musu amfanin aika murya.

A saurari saƙon wata tsohuwa zuwa ga ɗanta. Ta riƙe wayar a bakinta da hannu biyu, ta yi sallama, ta dakata kamar tana jiran a amsa. Sannan ta shiga gaisuwa: kun tashi lafiya, ya maiɗakin naka, ya yara, ya mai sunan Malam, ya sanyi, ya aiki. Sai ta yi minti biyu ba ta zo kan abin da ya sa ta kira ba. Yatsa ya zame, saƙon ya yanke, ta ce wa jikarta, "Ke, zo ki gani, ya tafi ko bai tafi ba?" Ta sake daga sallama. Ɗan nata da ke ofis zai iya ganin tsawon saƙon ya ce sai anjima. A wurinta kuwa gaisuwar ce saƙon, sauran ƙari ne. Idan ya amsa da murya, ya bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, ta wuni da farin ciki, har ta kunna wa maƙwabciya. Idan ya amsa da hoton babban yatsa, abin da Burke da Kraut suka auna ya faru a tsakar gida.

Inda na ga waya ta fi tayar da himmar tsoho shi ne inda ta ba shi aiki. Akwai irin tsohon hedimastan da ritaya ta zaunar, wanda a da sai dai ya fita masallaci ya dawo. Aka buɗe zauren dangi aka sa shi shugaba. Yanzu shi ke sanar da haihuwa da rasuwa, shi ke tsara wa zai ba da nawa idan an kwantar da wani a asibiti, shi ke tsawatarwa idan yara sun fara cacar baki kan siyasa, shi ake tambaya yadda wane ya haɗa kaka da wane. Yana tashi da safe da abin yi. Haka tsohuwar da 'ya'yan dangi ke turo wa tambaya kan wankan jego ko yadda ake daka yajin mai jego, da mai sauraron tafsirin malamin da ƙafa ba ta iya kai shi wurinsa, har ya riƙa tura wa wasu. Buƙatu ukun nan na Deci da Ryan sun haɗu a nan: yana da iko, ya iya, ana kuma neman sa. Ni a ganina wannan ya fi kowane adadin sa'o'i bayyana dalilin da ya sa waya ke raya wani tsoho.

Kishiyar haka ita ce tsohon da aka saya wa waya amma ba a ba shi ragamarta ba. Jika ne ya buɗe masa shafi, jika ne ya san lambar sirri, jika ne ke sa data, shi ne kuma ke cinye ta. Duk saƙon da zai aika sai ya bi ta kunnen yaro, don haka ba shi da sirri. Wasan jika da kaka yakan sauƙaƙa koyo, domin kaka ba ta jin kunyar jika kamar yadda take jin ta ɗan fari. Amma wasan na da iyaka. Idan kullum amsar ita ce "Kaka, kawo in yi miki, ba za ki iya ba," ranar na zuwa da za ta ajiye wayar ƙarƙashin filo ta ce ita ba ta wannan zamani ba ce. Ga kuma jiki: ido ya raunana ga ƙananan haruffa, yatsu sun bushe gilashi ba ya jin su, kuma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Kuɗi ma na ciki. Da hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗan fansho da tsohuwar da ke jiran aike suna cikin waɗanda suka fara rage kiran bidiyo, wato hanyar da binciken Teo ya nuna ta fi amfani.

Akwai kuma abin da binciken ƙasashen waje bai cika aunawa ba, domin shi yana tambayar tsoho ne kan wayarsa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ɗan da a da ba ya ƙetare Juma'a bai je gai da mahaifiyarsa ba, yanzu yana iya turo murya da kuɗi ta banki ya ji ya sauke nauyi. Ta'aziyya da barka da dubiya duk sun fara komawa zaure. Ga wanda ke Turai ko Saudiyya wannan rahama ce, don da babu wayar sai shiru. Ga wanda ke unguwa ɗaya kuwa ragi ne. Ko an zo ma, sai a tarar da ɗakin tsohuwa cike da jikoki bayan sallar isha, lokacin da a da ake tatsuniya da labarin dangi, kowa kansa a sunkuye, fuska na haske, ba mai ce mata uffan. Ba ita kaɗai ba ce a ɗakin, kuma duk takardar tambayar da ke ƙirga yawan mutanen gida za ta sa ta cikin masu gata.

Ƙarya, zamba da firgici

A 2019 Andrew Guess da Jonathan Nagler da Joshua Tucker sun wallafa binciken da ya nuna cewa a zaɓen Amurka na 2016, masu shekara sama da 65 sun yaɗa labaran ƙarya a Facebook kusan ninki 7 na 'yan shekara 18 zuwa 29. An yi ta yamaɗiɗi da wannan adadi, aka manta da ɗaya rabin: fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen da aka duba ba su yaɗa ko ɗaya ba. Nadia Brashier da Daniel Schacter sun yi bayani a 2020 cewa ba raunin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne. Tsofaffi sun shigo kafafen a makare, ba su saba da dabarun haɗa hoto da tallan da ya yi shigar labari ba, kuma suna yarda da wanda suka sani.

Wannan na ƙarshe shi ne namu. Wanda ya girma da rediyo ya saba cewa abin da ya fito daga akwati an tace shi. Saƙon WhatsApp kuwa yana zuwa ne da sunan ɗan'uwa ko abokin masallaci, ƙaryata shi kamar ƙaryata mai turowar ne. Da yawa za su tuna asubahin watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi jama'a da kira da saƙo cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai don kariya daga cutar. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama, kuma babu wanda gishiri ya fi yi wa haɗari kamar mai hawan jini. Wanda ya tura saƙon don ƙauna ya tura. WhatsApp ya sa alamar saƙon da aka turo daga wani wuri a 2018, ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, amma alamar rubutu ce, mai sauraron murya bai san da ita ba.

Abin da ya shafi himma a nan shi ne yadda ake gyara wa tsoho. Idan ya turo maganin ƙarya sai wani yaro ya ƙaryata shi a gaban dangi duka, ya haɗa da hoton dariya, an gyara labarin amma an karya mutumin. Yawanci ba ya sake magana a zauren. Da an bi shi ta gefe, da an samu biyun.

Zamba ma tana barin tabo iri ɗaya. Hukumar FBI ta ce a 2023 Amurkawa da suka haura 60 sun kai ƙarar asarar dala biliyan 3.4 ga 'yan damfarar intanet da waya, duk da ba duka ta shafukan zumunta aka bi ba. A nan salon sananne ne: a kira a ce daga banki ne, ko a ƙwace shafin wani ɗan zaure a riƙa neman rance da sunansa, ko a ce a faɗi lambar da ta shigo yanzu don shiga taron dangi. Tsohon da aka yi wa haka yakan ɓoye don kunya, iyali kuma idan sun gane sukan karɓe wayar, wai don kare shi. Sai asarar ta zama biyu.

Sai firgici. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga, hotunan gawarwaki da muryoyin waɗanda aka sace suna shigowa zauren dangi ba sallama, sau da yawa cikin dare, wasu ma tsofaffin hotuna ne daga wata ƙasa. Matashi yakan wuce su da yatsa. Tsohuwar da ke da ɗa a hanyar ba ta sake runtsawa.

Abin da ya kamata a auna

Nijeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, kuma koyar da amfani da waya na cikin abubuwan da irin wannan cibiya za ta iya ɗauka. Idan za a yi, bayanan da suka gabata suna nuna a fara da abin da tsohon yake so, a koyar da Hausa kuma da baki, a bar wayar a hannunsa ko da zai yi kuskure sau goma, a kuma fifita sa'ansa da ya riga ya iya a kan yaro mai gaggawa. Masallaci da makarantar Islamiyya ta matan aure da ƙungiyar 'yan fansho wurare ne da tsofaffi ke taruwa dama, ba sai an gina sabon zaure ba.

Ga masu bincike kuwa, matsalar tana ga ma'auni. Gajeren ma'aunin kaɗaici na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda aka fi amfani da shi, tambaya uku yake yi kai tsaye: sau nawa kake jin ba ka da abokin zama, sau nawa kake jin an ware ka, sau nawa kake jin ka yi nesa da mutane. A kai wa dattijuwar Bahaushiya waɗannan tambayoyi, a gaban surukarta, daga bakin yaron da ya yi jika da ita, amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi. Ta amsa cewa tana jin kaɗaici daidai yake da ta kai ƙarar 'ya'yanta wurin baƙo, kuma kawaici ba zai bar ta ba. Tambayoyin da za su fi fito da gaskiya su ne na abin da ya faru. Wa ya tako ya zo gaishe ki daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau? Wa ya nemi shawararki a wannan mako, kuma ta wace hanya? Wa ke buɗe miki wayar? Cikin saƙonnin jiya, nawa ne aka ambaci sunanki? A yi wa ɗa ko 'yar da ke gari ɗaya da ita tambaya ita ma, kan sau nawa yake zuwa yanzu da kuma sau nawa yake zuwa kafin a saya mata wayar, sannan a maimaita zagayen bayan shekara ɗaya, tunda gwajin Czaja ya nuna cewa abin da aka gani a wata na shida ba lallai ya kai wata na goma sha biyu ba.